Ƙayar da ke Ƙafar Sai-kallo

Maƙwabcinmu a nan Sabon Gari yana da kare. Wani jibgege ne mai gashi buzu-buzu, an kulle shi cikin kejin ƙarfe a bakin ƙofa, abincinsa a leda ake sayowa daga kanti, yana da likitansa da katinsa na allura kamar ɗan mutum. Tun da muka dawo Gusau ban taɓa ganin ya yi gudun da ya wuce taku goma ba. In babur ya wuce ya yi haushi, in mai ruwa ya turo kura ya yi haushi, ni kuwa da zarar ya hango hulata sai ya kama ƙarfen kejin da haƙora kamar mun taɓa yin wata tsiya da shi. Amma bari ƙanena ya fito yana dogara sandarsa zai tafi masallaci, sai ka ga ƙaton nan ya kwantar da kunne yana kaɗa wutsiya. Ni da ƙanen nawa duk mun yi furfura, goro ma sai an goga mana, amma har yau in na ga haka sai wani abu ya tokare ni a ƙirji. Kishi ne, ba zan laƙaba masa wani suna ba. Na san shi tun ina da ƙarfina, kuma a kan kare muka fara sanin juna da shi.

Ƙauyenmu yana can gefen 'Yankuzo, cikin ƙasar Tsafe. Yanzu in ka ce wa matashi ka taɓa shiga dajin nan daga kai sai gora sai kare, sai ya ɗauka tsufa ya fara taɓa ka, don dajin ya koma hannun masu bindiga, mu ma abin da ya taso mu ke nan. A lokacinmu kuwa, da an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, an saki dabbobi cikin kara, abin da kowane saurayi yake jira shi ne ƙahon Sarkin Dawa, wato shugaban mafarautanmu. Da hantsi ake busa shi. Karnuka ke riga mutane ji, sai gari ya ɗauki kuka, wannan yana jan igiya, wancan yana tona ƙasa. Mata su dakata da daka su leƙo ta saman danga, tsofaffi su gyara zama a gindin durumi suna faɗin wanda zai dawo da zomo da wanda zai dawo da ƙarangiya a wando kawai. Ba mu da bindiga, ba ma bukatarta. Kowa da gorarsa ta jifa, da wuƙa a ɗamara, da goran ruwa, sai karensa. A wannan fagen ba a tambayar gonar wa ta fi girma. Karenka shi ne sunanka.

Karnukan garinmu irin na gida ne, gajeru, masu naɗaɗɗiyar wutsiya, sun iya zomo da gafiya amma barewa in ta miƙe a fako sai dai su raka ta da ido. Ni kuwa na ƙwallafa rai sai na yi wanda ba irinsa. Wata shekara na ji labarin wasu Buzaye sun sauka da raƙumansu a bayan Bungudu, wai da wata karya mai 'ya'ya a tare da su. Na kama ragon da na shekara ina kiwo, na hau motar kaya zuwa Gusau, daga nan na ƙarasa. Kwana biyu ina zarya a bakin bukkarsu kafin dattijon cikinsu ya yarda ya karɓi ragon ya ba ni kwikwiyo guda. Da na shigo da shi gida cikin riga, mahaifinmu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “Rago guda kan wanga abu mai ƙahwahu kamar zalɓe? Kai dai Allah shi shirye ka.” Inna kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa: kada ta gan shi kusa da randarta ko butar alwala. Na raɗa masa Sai-kallo. A wajenmu sunan kare habaici ne, kuma da samarin garin nake.

Duk abin da tsofaffin mafarauta suka ce a yi don kare ya zama naka, na yi shi. Na tauna fura na ba shi da yawuna. Na shimfiɗa masa tsohuwar rigata ya riƙa kwana a kai don ya san warina. Ban yarda kowa ya zuba masa abinci ba, ni ke dama masa tsaki da nono a kasko safe da yamma, ni ke bin mahauta ranar kasuwa in roƙo masa ƙashi. Da ya fara tasawa na riƙa ɗaure fatar zomo a igiya ina gudu yana bina, har cikin gonakin da aka girbe. Ya girma ya zama abin da na yi mafarki: dogo har ya kai mini ƙugu, ja mai farin ƙirji, ciki a ɗame kamar bai taɓa cin abinci ba, ƙirji kuwa faffaɗa. Ba ya yawan haushi. In ya tashi gudu ba ka jin takunsa, sai dai ka ga ciyawa tana rabewa. Nakan bi ta gaban dandali da shi ba don ina da wurin zuwa ba, kawai don in ji hira ta tsaya.

Ƙanen nawa, wanda na girma da shekara biyu, shi ba mafarauci ba ne. Yana zuwa farautar gari dai kamar kowa, amma jifansa ba ya samun komai, kuma bai damu ba. Shi mutumin shanun noma ne da tufkar igiya, marar magana, in ya zauna wuri ɗaya sai ka manta yana nan. Bai taɓa zuba wa Sai-kallo abinci ba, don na hana. Abin da yake yi guda ne, kuma a lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba. Kullum bayan la'asar, in mun dawo daga guje-gujenmu na ɗaure karen na tafi dandali in ba da labari, sai shi ya zo ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafar karen a cinyarsa. Yana da ɗan hantsaki a rataye a wuya. Ya buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya cire tsidau da guntayen ƙaya, ya tsince kaska daga kunne da hamata, ya shafa man kaɗanya inda tafin ya tsage. In ya gama ya je ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, ya yi alwala. Na sha dawowa in same su haka, karen ya lumshe ido, sai in yi dariya in ce na samu wanzami kyauta. Ni a ganina aikin ƙasƙanci ne. Mai kare shi ne wanda ake gani a gaba da igiya a hannu.

Ranar da idona ya buɗe, babbar farauta ce ta gayya, ƙauyuka huɗu suka haɗu. Rana ta ɗaga sosai lokacin da aka tayar da barewa daga cikin sabara, ta yanki fako. Karnuka sun fi talatin suka bi ta, ƙura ta tashi, ihu ko'ina. Kafin a kai bakin kwazazzabo duk sun zube, saura ja guda ɗaya a bayanta. Na ga lokacin da ya kai mata, suka yi birgima tare. Wallahi ban san na iya gudu irin na ranar ba. Ina gudu ina jin mutane na kiran sunan karena, ina jin duniya ta zama tawa. Na isa na same shi ya danne ta, haƙoransa a maƙogwaronta, tana shure-shure. To, a ƙa'idarmu dole a yanka nama da sauran ransa, in ya mutu a bakin kare ba mai ci, ya zama mushe. Kuma akwai wata ƙa'idar da aka kafa don raba faɗa, saboda in karnuka suka cakuɗe kowa cewa yake nasa ne ya kama: wanda kare ya sakar wa nama, shi ne mai nama.

Na zare wuƙa na ce, “Saki!” Bai saki ba. Na daka masa tsawa, na ja wutsiyarsa, na ja kunne. Mutane suka iso suka kewaye mu, ana ta cewa in yi sauri za ta mutu. Raina ya ɓaci, na ɗaga gora na buga masa a cinya. Sai ya juyo da ido ya dube ni, bai sake ta ba, ya yi mini wani gurnani daga can cikin ƙirji, irin wanda yake yi wa baƙo. Ni da na tauna fura na ba shi. Idon barewar ya fara juyewa. Can sai ga ƙanena ya ratso mutane yana haki, da goran ruwa a kafaɗa. Ya durƙusa, ya kama ƙafar karen ta gaba kamar yadda yake kamawa kullum da la'asar, ya ce a hankali, “To, ya isa haka nan. Saki.” Karen ya buɗe baki ya ja da baya, ya kwanta a jikinsa yana numfashi.

Ƙanena ya danne barewar ya ce da ni, “Yaya, yanka maza.” Na yanka, da sauran ranta. Amma Sarkin Dawa yana tsaye ya ga komai. Ya nuna ƙanena da gora ya ce, “Wanda kare yas sakam ma, shi ad da nama. Haka munka iske, haka za mu bari.” Ƙanena ya ce ai kare na yayansa ne, kowa ya sani. Tsohon ya ce, “Mu mun sani. Karen na ba a shaida ma ba.” Aka kwashe da dariya. Har yanzu ina iya faɗa maka wanda ya fi kowa ɗaga murya a cikinsu, shi ma ya daɗe da rasuwa. A hanyar komawa makaɗi ya saki kiɗa yana wasa ƙanena, mutumin da bai taɓa kashe ko kurciya ba, ni kuma ina tafe a baya da igiyar kare a hannu, karen yana ta ja yana son ya cim masa. Da muka isa gida ya kawo mini cinya da fatar gaba ɗaya har ƙofar ɗakina. Na ce ya kwashe kayansa. Da ya yi mini gori da na fi samun sauƙi, kirkin nan nasa shi ya fi ƙona ni.

Washegari na kafa turke a bayan ɗakina, inda ba mai bi, na mayar da Sai-kallo can. Na sami ƙanena yana ba shanu harawa, na ce daga yau kada in ƙara ganin hannunsa a jikin karena. Bai yi musu ba, bai taɓa yi mini musu ba. Inna ta ce abin kunya ne 'yan ɗaki ɗaya su ɓata a kan kare, mahaifinmu ya ce a ƙyale ni, zan gaji. Ban gaji ba. Na ƙara masa nono, na ƙara masa ƙashi, ina zama kusa da shi ina kiran sunansa. Yana ci, yana kaɗa mini wutsiya, yana bina in na kwance shi. Amma da la'asar ta yi sai ya miƙe ya juya fuska wajen ƙofar gida, ya riƙa wani siririn kuka yana ɗaga ƙafa. Kukan nan ya fi mari ciwo. Ni kuwa ko sau ɗaya ban zauna a ƙasa na ɗora ƙafarsa a cinyata ba, don in na yi haka kamar na yarda ne cewa abin da ƙanena yake yi ya fi nawa.

Bayan kamar mako biyu, ana gobe za a fita wata farautar, ƙanena ya tare ni a zaure. Bai ɗago kai ba, ya ce, “Yaya, ni ban ce a ba ni shi ba. Amma ka duba ƙahwar gaba ta hagu, tsakanin yatsu. Na hango shi jiya shina ɗaga ta.” Na ce wa ya aike shi leƙen karena. Ya ciro hantsakin daga wuyansa ya miƙo mini, ya ce ko ba shi ba, in yi da kaina. Na wuce na bar shi da hannu a miƙe. Gaskiyar magana ni ma na ga ɗingishin, ɗan kaɗan ne, sai wanda ya san tafiyarsa zai lura. Da wani ne can ya faɗa mini, ko mahaukacin kasuwa ne, da tuni na duba. Amma daga bakinsa ta fito, shi ya sa na ce wa kaina ai in jini ya ɗumama zai ware.

Ƙanena bai bi mu ba ranar. Da hantsi muka shiga fadama, karnuka suka tayar da mugun dawa, aladen daji mai haure biyu a waje. Ba ma cinsa, korarsa ake yi saboda ɓarnar rogo da dankali. Kare mai wayo ba ya tunkararsa gaba da gaba, kewaye shi yake yi, ya cija ya kauce, kuma a kaucewa ba wanda ya kai Sai-kallo. Na ga yana ɗingishi a fili tun da muka baro gari, amma samarin da suka yi mini dariya suna wurin, ina so su ga wa yake yi wa gudu. Na kwance igiya na ce, “Kama!” Ya tafi, bai ko yi jinkiri ba. Ya cija sau ɗaya ya kauce. A na biyu dabbar ta juyo, ya zo zai karkata ta hagu, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ban ji ya yi ƙara ba. Na dai ga an ɗaga shi sama an yar.

Na tuɓe rigata na ɗaure masa cikin da haure ya farke, na saɓa shi a wuya. Kare ne mai nauyi, tafiyar kuma da nisa, jininsa yana bin bayana har cikin wando. Duk hanya ina yi masa magana, ina cewa ya yi haƙuri mun kusa, yana lasar kunnena, ban ko tuna da najasa ba. A raina na ce yau dai ni ne, ni na ɗauko shi, ni zan yi jinyarsa. Da muka iso bakin gari, daidai durumin ƙofar gidanmu, sai ya fara mutsu-mutsu har na sauke shi. Ƙanena yana zaune a gindin bishiyar yana tufkar igiyar rama. Karen ya ja ciki, ya bar ni a tsaye, ya ƙarasa wurinsa, ya ɗaga ƙafar hagun ya ɗora a cinyarsa. Ƙanena ya dubi rigar da na ɗaure cikin da ita, ya san ba sauran magani. Duk da haka ya ɗago ya dube ni, yana jiran izini. Na gyaɗa kai. Ya buɗa yatsun, wurin ya kumbura ya yi ruwa, ya sa hantsaki ya zaro guntun farar ƙaya da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Karen ya sauke numfashi ya lumshe ido kamar kullum. Ana kiran la'asar ya cika. Ina tsaye da jininsa a jikina, kuma, Allah ya yafe mini, a wannan lokacin ma abin da ya fi cina shi ne a cinyar wa ya zaɓi ya mutu.

Ban ƙara ajiye kare ba. Mun yi aure, mun haifa, mun aurar, mun binne iyaye, daga baya muka baro ƙauyen da abin da mota ɗaya za ta iya ɗauka. Ƙanena bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Yanzu gida ɗaya muke da shi, na babban ɗana. Ciwon suga ya kama ƙanen nawa, ƙafafunsa sun daina jin komai, ko ƙusa ya taka ba ya sani. Likita ya ce dole wani ya riƙa duba masa su kullum, shi kuma idonsa ya yi rauni. Yara suna da ayyukansu da wayoyinsu. Ni na karɓi aikin, ba wanda ya sa ni. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma, in zauna a ƙasa, in ɗora ƙafarsa a cinyata.

Kwanan baya ina cikin dubawa karen maƙwabci ya yi haushi, sai na kasa riƙewa, na ce masa har yau ban gane abin da karnuka suke gani a jikinsa ba. Can ya ce, “Yaya, ni wurina shika zuwa in ƙahwa ta yi ciwo. Amma ko sau guda bai taɓa yi min gudu ba. Da ƙaya cikin ƙahwa kac ce ya tahi, yat tahi. Ka san shekara nawa ni yi ina jin haushin wanga abu?”

Na san ya faɗa ne da gaske, don bai iya ƙarya ba, kuma na san wanda ya tura karen ranar. Na lakato man kaɗanya na ci gaba da shafa masa, ina buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Da na gama ya miƙe ya ɗauki sandarsa, na bi shi a baya zuwa masallaci. Muna isa bakin kejin nan ƙaton ya kwantar masa da kunne, ni kuma ya yage mini baki. Na kawar da kai, amma abin yana nan a ƙirjina, daidai inda na bar shi a gindin durumi.